Yadda Ake Feɗe Waƙa: Amsa-amo, Kari da Yanayi

Duk ranar Asabar da hantsi ina zama da wasu 'yan ajin ƙarshe na sakandare a wani zaure a Tudun Wada, nan Kaduna, muna bitar Hausa kafin jarrabawar WAEC da NECO. Ƙagaggen labari ba ya ba su wahala, wasan kwaikwayo ma haka. Amma da zarar an zo kan rubutacciyar waƙa, sai ka ga kowa ya sunkuyar da kai yana ja wa kalmomi layi da biro, baki gum. To daga nan ake ɓata rawar da tsalle. Waƙar Hausa don a rera ta ake rubuta ta, kuma abubuwa ukun nan da aka fi tambaya a kansu, wato amsa-amo da kari da yanayi, kunne ne yake fara kama su kafin ido.

Manazarta suna kiran wannan aiki feɗe waƙa, kalmar da ta zauna a bakin ɗalibai ta hanyar littafin Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo, Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa. Kalmar ta dace ƙwarai. Wanda ya taɓa tsayawa gaban mahauci ya ga yadda wuƙarsa take bin gaɓa tana zarewa ba tare da sara a kan ƙashi ba. Mai nazarin waƙa ma gaɓa yake bi.

Don kada mu yi ta magana a iska, ga baitoci biyu da na tsara wa ɗalibaina a kan masaƙun Kakuri, waɗanda ta farkonsu ta fara aiki a 1957, suka kuma riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya daga farkon shekarun 2000. A kan baitocin nan za mu yi aikin gaba ɗaya:

Masaƙarmu da can tana cin zare,
Ubana yana ta gumi har dare,
Wata in ya ƙare kuɗi na zuwa.

A yau na taho nan wajen, na tsaya,
Ciyawa da tsatsa kawai, sai ƙaya,
Shiru, babu kowa, idona ruwa.

Fara da baki

Ajiye biro tukuna. Karanta waƙar da murya sau uku. Na farko karatun fahimta ne, ka gane wa yake magana, da wa yake yi, a kan me. Na biyu ka sa mata rauji, kowane irin rauji ya zo maka, kana buga yatsa a kan benci. Na uku ka ba wani ya rera kai kana saurare. In akwai faifan da mawaƙin ya rera ta da bakinsa, nemo shi, domin can ne za ka ji inda ya ja wasali da inda ya taƙaita shi. Iyayenmu da yawa a Arewa ta kunne suka haddace waƙoƙi, a rediyo ko a bakin makafi masu rera Infiraji ta Aliyu Namangi na Zariya, ba su taɓa ganin su a takarda ba, kuma in ka karya musu kari nan take za su ce maka ka yi tuntuɓe.

Daga nan sai ka dubi zubin waƙar. Kowane layi ɗango ne, tarin ɗangwaye kuma baiti. Waƙa mai ɗango ɗaya a baiti gwauruwa ce, mai biyu ƙwar biyu, haka har zuwa ƙwar biyar. Tamu ƙwar uku ce. Wannan ba ya cin lokaci, amma ka ƙirga har baitin ƙarshe, kada ka tsaya a na biyu ka yanke hukunci.

Amsa-amo

Rubuta gaɓar ƙarshe ta kowane ɗango a gefen takarda. A tamu za ka samu: re, re, wa, sannan ya, ya, wa. Wadda take dawowa a ƙarshen kowane baiti tun daga farkon waƙa har ƙarshenta ita ce babban amsa-amo, ko amsa-amon waje, wato wa a nan. Wadda take canzawa daga baiti zuwa baiti ita ce ƙaramin amsa-amo, ko amsa-amon ciki: re a baitin farko, ya a na biyu. A ƙwar biyar ɗangwaye huɗun farko ne suke ɗaukar na ciki, na biyar ya riƙe na waje. A ƙwar biyu kuwa sau da yawa na wajen kaɗai za ka tarar. Malaman zamanin da, bisa al'adar Larabawa, har suna suke ba ƙasida da harafin ƙafiyarta, wato amsa-amonta, shi ya sa kake jin Nuniya, Mimiya, Lamiya.

Kuskure biyu nake yawan gani. Wata ɗaliba ta taɓa ce mini, "Malam, ai amsa-amon waƙar nan a ne, tunda zuwa da ruwa duk da a suka ƙare." Na ce mata, "'Yata, lissafa mini kalmomi goma na Hausa da suka zo miki a rai." Bakwai a ciki da a suka ƙare. Mafi yawan kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa, don haka wasali shi kaɗai abu ne mai araha. Abin da ake dubawa shi ne gaɓa sukutum, baƙi da wasalinsa. Kuskure na biyu shi ne rikita amsa-amo da amshi. Amshi ɗango ne ko baiti da ake maimaitawa bayan kowane baiti, amsa-amo kuwa sautin ƙarshen ɗango ne kawai.

In ka gama ganowa, ƙara kasa kunne. Zare da dare ba a re kaɗai suka haɗu ba, har wasalin da ya gabace ta ɗaya ne. Haka tsaya da ƙaya, haka zuwa da ruwa. Akwai kuma hawa da saukar murya, abin da Farfesa Ɗalhatu Muhammad na Jami'ar Ahmadu Bello ya ja hankalin manazarta a kansa. Faɗi tsaya da ƙaya, za ka ji duka biyun murya ta sauka a ƙarshe. Faɗi zuwa da ruwa, za ka ji ta farko ta sauka, ta biyu ta tsaya a sama. Ba kowace jarrabawa take neman wannan ba, amma wanda ya ji shi ya fara jin waƙa da gaske.

Kari: inda aikin yake

Nan za mu daɗe, domin nan ne ɗalibai suka fi gudu, alhali abin ƙa'ida ce mai sauƙi in an bi ta a hankali.

Gaɓar Hausa iri uku ce. Akwai baƙi da gajeren wasali, kamar ma a masaƙa. Wannan ita ce sassauƙar gaɓa, ana yi mata alamar v. Akwai baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, kamar saa a masaƙa ko yau. Akwai kuma baƙi da wasali da wani baƙin, kamar can ko har. Waɗannan biyun masu nauyi ne, alamarsu –. Shi ke nan. Duk karin rubutacciyar waƙa a kan jerin sauƙi da nauyin nan yake tafiya.

Abin da yake kawo cikas shi ne rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali. A ajami marubuci yana sa alif ko wawu ko ya'u ya nuna ja, don haka malaman zaure suna ganin nauyin gaɓa da idonsu. Mu 'yan boko dole mu furta. Gari na mutane da garin tuwo rubutunsu ɗaya, amma na farko ga-rii ne, na biyu gaa-rii. Suna a cikin "suna zuwa" su-naa ne, sunan yanka kuwa suu-naa. A waƙarmu ma akwai irin wannan tarko har biyu. Da ta "da can" doguwa ce, daa, amma da ta "ciyawa da tsatsa" gajeriya ce. Wata na sama wa-taa ne, ba irin "wata mace" ba da duka gaɓoɓinta biyu sassauƙa ne.

Saboda haka sake rubuta ɗangon yadda bakinka yake faɗinsa, kana ninka dogon wasali, kana yanka shi gaɓa-gaɓa ba tare da kula da inda kalma ta ƙare ba:

ma-saa-ƙar-mu-daa-can-ta-naa-cin-za-ree
v – – v – – v – – v –

Yayin yankan ka tuna abubuwa kaɗan. Sh, ts, ky, gw, ƙw da 'y kowanne baƙi ɗaya ne, don haka tsatsa tsaa-tsaa ce, ba tsat-sa ba. Baƙi mai ɗauri kuwa rabuwa yake yi biyu, kamar kul-lum da han-nu. Kalmar da ta fara da wasali a rubuce, irin su ubana da ido, da alhamza take farawa a baki, saboda haka u da i gaɓoɓi ne cikakku. Gaɓar ƙarshen ɗango kuma ana lissafa ta da nauyi ko da sassauƙa ce, domin a nan mai rerawa yake jan numfashi.

Yanzu dubi jerin alamomin ka nemi abin da yake maimaita kansa. A nan v – – ne, sau uku, sai guntunsa v – a ƙarshe. Wannan yanki mai dawowa shi ake kira ƙafa. Raba su da sanda:

ma-saa-ƙar / mu-daa-can / ta-naa-cin / za-ree

Sunayen ƙafafuwa da na karuruwa daga ilimin aruli muka same su, wato ilimin auna waƙa na Larabawa, wanda Khalil bin Ahmad al-Farahidi ya tsara a Basra a ƙarni na 8. Ya fitar da karuruwa 15, almajirinsa Akhfash ya ƙara ɗaya suka zama 16. Malaman ƙasar Hausa sun iya ɗora waƙoƙinsu a kai ne saboda Hausa da Larabci duka suna bambance dogon wasali da gajere. Ba sai ka haddace 16 ɗin ba. Ni dabarar da nake ba ɗalibaina ita ce su riƙe kowace ƙafa da kalmar Hausa mai irin nauyinta. Fa'uulun, v – –, ita ce mutane, hawaye, tunani, kuma maimaita ta shi ne karin Mutaƙarab. Faa'ilun, – v –, ita ce zuciya, damina, auduga, karinta Mutadarak. Mustaf'ilun, – – v –, ita ce almajirai, karinta Rajaz. Mutafaa'ilun, v v – v –, ka ce hadarin gabas, karinta Kamil. Faa'ilaatun, – v – –, zuciyata ce, karinta Ramal. Mufaa'alatun, v – v v –, ka ce Kaduna gari, karinta Wafir. Wasu karuruwan ƙafa biyu suke haɗawa, kamar Basiɗ mai mustaf'ilun da faa'ilun, da Ɗawil mai fa'uulun da mafaa'iilun. In ka rera "mutane, mutane, mutane, muta" sannan ka rera ɗangonmu na farko, za ka ji tafiyarsu ɗaya. Waƙarmu Mutaƙarab ce.

Kada ka tsaya a ɗango ɗaya. Yanka na biyu:

u-baa-naa / ya-naa-ta / gu-mii-har / da-ree
v – – / v – v / v – – / v –

Ƙafa ta biyu ta zo v – v, ba v – – ba. Ɗalibi yakan firgita a nan ya ce kari ya karye, ko ya goge aikinsa ya fara neman wani karin. Bai karye ba. Wannan shi ake kira zihafi, ɗan sauyin da aruli ya yarda da shi a cikin ƙafa, yana zuwa ya wuce. Guntuwar ƙafar ƙarshe kuwa, da ta koma v – a kowane ɗango, illa ce, sauyin da yake faɗa wa ƙafar ƙarshe kuma yawanci ya zauna har ƙarshen waƙa. Sunan illa kada ya ruɗe ka, a aruli ba aibi ba ne.

Zihafi ne ma yake sa a rikita Kamil da Rajaz. A Kamil sassauƙan gaɓoɓi biyun farko suna iya haɗewa su zama ɗaya mai nauyi, sai hadarin gabas ya koma nauyin almajirai. Ɗango guda yana iya zuwa duk da wannan siffa, ka rantse Rajaz ne. Maganin shi ne ka yanka aƙalla ɗangwaye shida zuwa goma daga wurare dabam-dabam na waƙar. In ka ci karo da v v – v – a cikinsu, Kamil ce. Wannan ne kuma dalilin da ya sa ƙirga yawan gaɓoɓi kaɗai ba ya isa. A tamu kowane ɗango gaɓa 11 ne, amma a Kamil adadin yana hawa yana sauka alhali karin yana nan daram.

In ɗango ya ƙi shiga ma'auni, kafin ka tuhumi mawaƙi tuhumi furucinka. Tambayi kanka daga ina ya fito. Basakkwace yana cewa "shi yat tafi" inda Bakano zai ce "shi ya tafi", kuma wannan ɗaurin ya mayar da sassauƙar gaɓa mai nauyi. In mai buga littafi ya daidaita rubutun zuwa daidaitacciyar Hausa, ɗangon zai yi kamar ya gurgunce a takarda, alhali a bakin mai shi lafiyarsa lau. Sannan ba kowace waƙa ce ta fito daga aruli ba. Wasu marubutan daga kiɗan makaɗan baka suka ɗauko karinsu, kuma manazarta sun daɗe da danganta karin Infiraji da kiɗan caji. In ka yanka, ka ga tsari yana maimaituwa amma bai yi daidai da ko ɗaya daga karuruwan Larabci ba, rubuta tsarin yadda ka gan shi. Ya fi ka tilasta masa sunan da ba nasa ba.

Akwai gwajin da nake so ƙwarai, domin shi yake nuna wa ɗalibi cewa mawaƙi ba da ka yake zaɓen kalma ba. Cire kalma ka sa 'yar'uwarta. Sa mahaifina a gurbin ubana ka rera, za ka ji gaɓa ta yi yawa. Sa babana, za ka ji ɗangon ya fara da nauyi inda ake son sauƙi. Mayar da "kuɗi na zuwa" ya zama "kuɗi suna zuwa", yatsanka da yake buga benci zai rasa wurin sauka.

Yanayi

Jigo shi ne abin da waƙa take magana a kai. Yanayi shi ne halin da take ciki yayin da take maganar, da halin da take jefa mai saurare. Jigon waƙarmu mutuwar masaƙa ne. Wani mawaƙin zai ɗauki wannan jigon ya yi shi cikin fushi yana zargi, wani ya yi shi cikin zaburarwa yana kiran a tashi a gyara. Don haka in ka rubuta "yanayin baƙin ciki" ka tsaya, ba ka ce komai ba tukuna. Hausa tana da kalmomi masu kaifi: jimami, kewa, bege, nadama, takaici, zumuɗi, raha, fargaba. Marsiyya da waƙar wa'azi duka suna ambaton mutuwa, amma ɗaya jimami take sawa, ɗayar tsoratarwa. Zaɓi kalmar da ta fi dacewa, sannan ka kawo shaida daga cikin waƙar.

Shaidar farko aikatau ne. Dubi baitin farko: tana cin, yana ta gumi, na zuwa. Duka aiki ne mai ci gaba, komai yana motsi. Masaƙar ma an ba ta baki tana ci kamar mai rai. A baiti na biyu aikatau biyu ne kacal, taho da tsaya, kuma daga "na tsaya" babu sauran aikatau har waƙar ta ƙare. Sai sunaye a jere: ciyawa, tsatsa, ƙaya, shiru, ruwa. Harshen da kansa ya daina motsi a daidai inda mai maganar ya tsaya.

Shaida ta biyu wakilin suna ne. An fara da mu a masaƙarmu, da uba a tsakiyar hoton. An ƙare da ni kaɗai, "babu kowa". Ta uku ita ce inda numfashi yake yankewa. Ɗangwayen baitin farko kowanne a numfashi ɗaya ake rera shi. Na biyu kuwa waƙafi ya shiga cikinsu, ɗangon ƙarshe har gida uku ya rabu. Duk wanda ya taɓa jin mutum yana ba da labari kuka na neman ƙwace masa ya san irin wannan magana mai yankewa.

Yanzu koma kan aikin da ka riga ka yi, domin a nan amfaninsa yake fitowa. Babban amsa-amo ya ɗaure zuwa da ruwa. Kunne yana jiran wa ta dawo, da ta dawo sai ta zo da hawaye a gurbin da albashi ya zauna a baitin farko. Zihafin nan na "yana ta gumi" ya jera sassauƙan gaɓoɓi biyu, ta da gu, sai ɗangon ya ɗan yi sauri a daidai wurin da ake maganar aiki. Karin kuma bai canza ba a baiti na biyu. Bugun nan na v – – yana ci gaba kamar inji, alhali kalmomin suna cewa shiru. Ni a kunnena wannan ne ya fi komai ciwo a waƙar, domin na taso ina jin jiniyar canjin aiki daga Kakuri, ina ganin ma'aikata a kan kekuna sun cika titi. Wani zai ji abin dabam, kuma yana da dama, muddin zai nuna ɗangon da ya sa shi jin haka.

Hattara da abu biyu a nan. Kada ka ce wani kari na baƙin ciki ne, wani na murna. Da Mutaƙarab ɗin nan ana yabo, ana wa'azi, ana siyasa. Abin da mawaƙi ya ɗora a kansa da raujin da aka rera shi da shi su suke ba shi launi. Sannan kada ka ɗauka yanayi ɗaya ne daga mabuɗi har marufi. Doguwar waƙa tana iya buɗewa da natsuwar addu'a, ta shiga zafi a tsakiya, ta rufe da fata. Nemi baitin da ta juya ka sa masa alama. A tamu juyin yana kan kalma biyu, "A yau".

Rubuta abin da ka samu

In ka zo rubutawa, fara da zubi da amsa-amo a jimla biyu ko uku, ka kawo yankan ɗango ɗaya cikakke da alamominsa, ka ambaci kari da duk zihafin da ka gani, sannan ka ba yanayi fili mafi yawa kana jingina shi da waɗancan. Ga yadda wani ɗalibina daga Rigasa ya rubuta nasa bayan mun yi mako uku muna wannan aiki:

"Waƙar ƙwar uku ce. Babban amsa-amonta wa ne, ƙananan kuma re da ya. Tana kan karin Mutaƙarab, ƙafa huɗu a ɗango, ta ƙarshe guntuwa, kamar shi-ruu-baa / bu-koo-waa / i-doo-naa / ru-waa. Akwai zihafi a ƙafa ta biyu ta ɗango na biyu. Yanayinta kewa ce da ta koma jimami. Baitin farko cike yake da aiki, na biyu kuma bayan na tsaya babu aikatau. Amsa-amon da ya kawo kuɗi a farko shi ya kawo hawaye a ƙarshe."

Da ya gama karantawa sai na ce ya rufe littafin ya rera mana baitocin biyu. Ya rera na farko da sauri yana buga benci. Da ya zo "A yau" sai ya sassauta da kansa, ba wanda ya ce masa ya yi, ya kuma yi ɗan jim bayan "shiru" kafin ya ƙarasa ɗangon. Asabar mai zuwa za mu ɗauki ƙwar biyar a kan Kamil, kuma na ce kowa ya zo da ɗangwaye goma da ya yanka a gida.